Na tafi yaƙi duba idanun sojoji, na dawo da ido ɗaya

Tun ina ƙarami idona ba ya hango nesa. An daɗe ana min kallon daƙiƙi a aji saboda ba na kwafar abin da ke kan allo daidai, sai da wani malami ya lura cewa in ya karanto tambaya da baki ina riga kowa amsawa. Aka kai ni aka gwada, aka yanka min tabarau, karatu ya miƙe. Abin da ya ja ni ga karatun gwajin ido ke nan. Da na gama na ce zan shiga soja, mahaifiyata ta dube ni ta ce, “Kai da ka koyi duba ido, me ya haɗa ka da bindiga?” Na ce, “Inna, ai a asibiti za a ajiye ni.” Shekarun farko haka aka yi kuwa. Sai yaƙi ya ɓarke, sunana ya fito cikin waɗanda za su bi runduna zuwa gaba.

Jama'a kan haɗa mu duka su ce likitan ido, amma aikin ya rabu. Likitan tiyata shi ne mai ɗinke ƙwayar ido. Ni mai gwaji ne: ina auna ƙarfin gani, in rubuta tabarau, in gano cuta, in yi maganin abin da ɗigo da man ido da ƙwaya za su iya, sauran in tura gaba. A lokacin zaman lafiya wannan bambanci bai cika damun kowa ba. A yaƙi kuwa likitocin tiyatar ido ba su da yawa, kuma suna can baya a babban asibiti inda na'urorinsu suke. Mu ne kusa da soja. Rundunar Amurka ta ɗanɗana wannan a yaƙin duniya na biyu, har ta riƙa tura motocin gyaran tabarau suna bin dakarunta, kuma a 1947 aka yi dokar da ta ba masu gwajin ido muƙamin hafsa a sashen kiwon lafiyar soja.

Aikin yana farawa tun kafin a loda kaya a mota. Kowane soja sai ya karanta allon haruffa daga nisan mita 6, ido ɗaya bayan ɗaya. Wanda ganinsa ya kai 6/6, wato cikakken gani, ya wuce. Wanda bai kai ba sai a zauna da shi. Mutumin da lambar tabaransa ta kai -3.00, in aka cire masa su, abin da ya wuce kamar santimita 33 daga fuskarsa ya fara zama hazo. Irin wannan in tabaransa suka karye da dare a daji, ya tashi daga mai tsaro ya koma wanda za a tsare. Shi ya sa nake dagewa kowa ya tafi da tabarau biyu, da ƙaramin firam mai lambarsa da ake maƙalawa a bayan gilashin kariya, da wani na cikin abin rufe fuskar nan na kariya daga iska mai guba, tunda ba ya zama daidai a kan ƙafafun tabarau. Ana gwada bambance launi ga direbobi da masu sigina da masu kwance bam. Manyan hafsoshi da sajoji waɗanda suka haura 40 su ne masu ɓoye damuwarsu: mutum ya riƙe taswira yana ta miƙa hannu, ba zai ce ba ya ganin ƙananan rubutu ba sai ka miƙa masa gilashin +1.50 ya yi shiru.

Ƙaramin gilashin nan da ake mannawa a kan ƙwayar ido kuwa, haramun ne a fagen daga, kuma na sha rigima a kansa. Babu ruwa mai tsabta, babu wanke hannu, mutum ya kwana uku bai cire ba. Ƙura ta shiga ƙarƙashinsa ta kankare koniya, wato fatar nan garai-garai da ke gaban baƙin ido, ƙwayar cuta ta sami ƙofa. Akwai irin da ke iya huda koniya cikin kwana biyu.

Ido ɗan wuri ne, bai kai kashi 1 cikin 100 na faɗin jiki ba. Amma rabonsa a raunukan yaƙi ya fi girmansa nesa ba kusa ba. A yaƙe-yaƙen duniya biyu, kusan kashi 2 cikin 100 na masu rauni ne suka samu a ido. A yaƙin Tekun Fasha na 1991 ya kai kusan kashi 13. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Makaman yanzu masu tarwatsewa ne, sulke da hular kwano suna ceton mutanen da a dā mutuwa za su yi, fuska kuma a buɗe take tunda dole mutum ya leƙa. Ɓurɓushin da zai tsaya a fatar hannu a cire da ɗan hantsaki, shi ne zai makantar da ido.

Gilashin kariya na gaskiya da roba mai tauri ake yin sa, wadda ake kira folikabonet. Tana lanƙwasa ta shanye bugu, ba ta farfashewa. Tabaran rana na kwalliya sun fi babu haɗari, domin su kansu suna komawa tartsatsi. Amma in ka tambaye ni me ya fi cin lokacina a gaba, ba raba gilashin ba ne, sa mutane su bar shi a fuska ne. Wani ya ce yana yin tururi, wani ya ce ya dushe. Gaskiyarsu ce kuma. Yana dushewa ne saboda ana goge shi a bushe da bakin riga, ƙura ta yi ta kartarsa. A fara zuba masa ruwa, sannan a goge da ƙyallensa. Fetur da sinadaran goge bindiga suna sa shi tsattsagewa. Tururi kuma ana rage shi da maganin shafawarsa, da barin ɗan sarari tsakanin firam da goshi. Da dare a canza baƙin a sa farin, kar a tura shi saman hula. Mafi yawan idanun da na gani sun lalace, gilashin mai su yana aljihu ko yana rataye a wuya.

A tantin da nake aiki akwai fitilar duba ido mai ƙara girma, akwatin gilasan gwaji, na'urar karanta lambar tabarau, injin yanka gilashi da ke jiran janareta, da 'yan kwalaben magani da zafi ke lalatawa in ba a kula ba. Yawancin masu zuwa ba harsashi ne ya kawo su ba. Ƙura, bushewar ido, jan ido mai yaɗuwa da kan kwantar da rabin tanti cikin mako guda saboda tawul ɗaya, makanikan da suka yi walda ba kariya suka tashi tsakar dare ido kamar an zuba yashi. Ɗan ƙarfe a kan koniya aikin minti goma ne: a ɗiga maganin kashe zafi, a sa launin da ke nuna ciwo a ƙarƙashin shuɗin haske, a ɗauke shi da bakin siririyar allura, a kankare tsatsar da ya bari, a juya fatar ido ta sama a duba ko wani ya maƙale, a sa man kashe ƙwayoyin cuta, gobe ya dawo. Cikin kwana ɗaya zuwa uku ya warke. Da babu mai yin wannan a gaba, da sai an ɗauki mutum da mota da masu rakiya an bi hanya mai nakiya saboda abin da bai kai ƙwayar yashi ba. Kullum kuma sai wani ya ce, “Yallaɓai, a taimaka min da kwalbar nan mai kashe zafi.” Ba na bayarwa. In ana ta ɗiga shi yana hana ciwon warkewa har koniya ta narke.

Sai ranakun da ake shigo da mutane a kan gadon ɗauka. Nan aikina ya koma rarrabewa: wanne zan taɓa, wanne ba zan taɓa ba. Bayan an tabbatar mutum yana numfashi kuma an tsayar da jini, abin farko shi ne a san iya ganinsa, ko da babu allo. Yana karanta rubutun da ke kan riga? In a'a, yana ƙirga yatsu? Yana ganin motsin hannu? Yana ganin hasken tocila? A rubuta na kowane ido, domin wannan ne abin da ya fi nuna wa likitan tiyata makomar idon. Sannan a duba ba tare da dannawa ba. Ɗan baƙin tsakiya da ya ja gefe ya yi tsini, farin ido da ya kumbura da jini ko'ina, wani abu baƙi ko mai yauƙi da ya leƙo, ido da ya lotsa: duk alamun hujewa ne. Wani lokaci kuma babu ko ɗaya, sai labarin cewa bam ya tashi a gabansa, wannan ma ya isa a ɗauka ya huje har sai an tabbatar.

Idon da ya huje kamar salka ce da ƙaya ta soka, ko yaya ka matsa sai na ciki ya fito, kuma ba ya komawa. Saboda haka ba a sa auduga, ba a naɗa bandeji, ba a ɗiga komai, ba a shafa komai, ba a auna matsi, ba a zare abin da ya cake. Ana ɗora garkuwar ido mai tauri wadda gefenta zai zauna a kan ƙashi, wato gira da karan hanci da ƙashin kunci, a manne da filasta daga goshi zuwa kunci, babu komai a ƙarƙashinta. In babu garkuwa, gilashin kariyarsa ma ya yi, ko gindin kofin roba da aka yanke. A ba shi ƙwayar moxifloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, mai miligiram 400 in zai iya haɗiya, da maganin ciwo, da maganin hana amai, domin yunƙurin amai kaɗai na iya turo cikin ido waje. A ɗaga kansa kamar digiri 30, kar ya fyace hanci, a duba allurar tetanus ɗinsa, a hana shi ci da sha saboda tiyata. Abin da ake nema shi ne a ɗinke cikin awa 24. Hoton da ya dace shi ne siti-sikan. Na'urar MRI maganaɗisu ce, tana iya jan ɗan ƙarfen da ke ciki ya ƙara ɓarna.

Abu biyu ne ba sa jiran mota. In sinadari ya fantsama, wanki ake farawa nan take da duk ruwa mai tsabta da ke kusa, lita biyu ko fiye, kamar minti 30, har takardar gwajin asid da alkali ta nuna kusan 7. Siminti da farar ƙasa da sauran masu kaifin alkali sun fi asid muni saboda suna ci gaba da nutsewa. Na biyu shi ne jinin da ya taru a bayan ƙwayar ido: ido ya bulluƙo, fatar ta yi tauri ba ta buɗuwa, gani yana tafiya. Matsin ido mai lafiya tsakanin 10 da 21 yake, wannan yakan haura 40. Jijiyar gani ba ta jure fiye da awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Dole wanda aka horar ya tsaga kusurwar ido ta waje ya saki jijiyar da ke riƙe da fatar ƙasa, a nan inda ake. Akwai kuma jinin da ke kwanciya a gaban baƙin ido bayan bugu. Wannan hutu yake so da ɗaga kai, ban da asfirin da danginsa, a kuma sa ido tsakanin kwana na biyu da na biyar don lokacin ne yake sake ɓallewa. Kullum nakan tambayi rukunin jinin mutum, domin mai sikila, har da wanda yake AS, matsin idonsa kan hau da sauri, kuma akwai maganin rage matsi da ba a ba shi.

Nawa raunin ya same ni ne a hanya. Muna cikin jerin motoci za mu kai tabarau wani sansani na gaba, motar da ke gabanmu ta taka bam. Gilashina yana fuskata. Daga baya an nuna min shi: ɓangaren hagu duk ya yi rami-rami, ba abin da ya ratsa. Ta dama kuwa iskar fashewar ta ɗaga firam ɗin, wani ɗan ƙarfe ya shiga ta ƙasa. Na suma. Da na farfaɗo na ji kaina a ɗaure tamau. Na kai hannu na taɓa auduga mai kauri a kan idon, da bandeji zagaye uku ko huɗu. Ba ciwon ne ya fara kama ni ba, sanin abin da wannan ɗauri yake yi ne. Na ce, “Ku kwance, ku kwance min.” Wani ƙaramin soja ya riƙe hannuna yana kuka yana cewa, “Yi haƙuri yallaɓai, jini ne, na tsayar da shi.”

Hanya ta rufe, jirgi mai saukar ungulu bai samu sauka ba, sai da aka wuce awa 24 ɗin nan da nake koyar da mutane kafin na isa hannun likitan tiyata. Ya yi iya yinsa ya ɗinke. Da ya zo duba ni ya haska tocila, na ce masa ba sai ya yi min bayani ba. Ban ga hasken ba.

Makonnin da suka biyo baya su ne mafi nauyi a rayuwata. Idon ba ya gani, ga ciwo dare da rana. Ga kuma wani tsoro da wanda bai san aikin ba ba zai yi shi ba: akwai kumburin da jiki kan tayar wa ido mai lafiya bayan ɗan'uwansa ya huje. Ba kasafai yake faruwa ba, bai kai mutum 1 cikin 100 ba, kuma yanzu akwai magani, amma ni na taɓa ganinsa. Kowace safiya sai in rufe fuska da tafi in buɗe, in gwada karanta ƙaramin rubutu da na hagu. Likitan bai matsa min ba. Ya ce, “Abokin aiki, ka san abin da na sani, shawara taka ce.” Na yi addu'a, na yi magana da matata, na sa hannu aka cire. Bayan mako shida zuwa takwas wurin ya lafa, aka auna aka yi min idon roba.

Na yi fushi da yaron nan, ba zan ɓoye ba. Na kwana ina lissafin da zai yiwu in tsira da ko ganin motsin hannu ne da an ɗora min gilashina kawai an manne. Babu mai iya tabbatar da hakan, likitan ma ya faɗa min. Abin da ya sauko da ni shi ne tuna abin da aka koya masa. Duk raunin da ke jikin mutum, darasin ɗaya ne: danna, ɗaure. Ido kuwa ya saɓa, kuma darasin idon bai taɓa isa rukuninsu ba. Ya yi abin da ya sani ne, cikin wuta, da hannu yana rawa. Da ya zo gaishe ni a asibiti ya kasa ɗaga kai. Na ce masa, “Ƙanena, da ba ka ja ni daga motar nan ba, da ba a maganar ido.” Har zuciyata na faɗa, ko da yake zuciyar ta ɗauki lokaci kafin ta cim ma bakin.

Zama da ido ɗaya sai an koya. Gefen da ya tafi yakan rage faɗin gani, mutum ya yi ta karo da ƙofa da kafaɗar jama'a har ya saba juya kai. Auna zurfi na kusa shi ne babbar asara. Ka zo zuba ruwa ka zuba a gefen kofi, ka miƙa hannu gaisuwa ka wuce, matakalar ƙarshe ta yaudare ka. Dabarun ƙanana ne: ka jingina bakin buta da kofi kafin ka zuba, ka ɗan motsa kai gefe da gefe don abin da ke kusa ya bambanta da na nesa, ka zauna inda mutane za su kasance ta gefenka mai gani. Yawanci cikin watanni zuwa shekara ƙwaƙwalwa takan daidaita. Abin da bai dawo min ba shi ne cire ɗan ƙarfe da allura, domin wannan aikin ido biyu ne. Ranar da na miƙa wa ƙaramin abokin aikina allurar na koma gefe, na shiga ofis na rufe ƙofa na daɗe ban fito ba.

An ba ni zaɓin ajiye aiki. Na zauna, aka mayar da ni ɓangaren masu jinya bayan rauni. A nan na gane yawan waɗanda idonsu lafiya lau a gwaji, 6/6, amma bam ya girgiza musu ƙwaƙwalwa. Mutum ya ce layi yana rabuwa biyu in yana karatu, haske yana sara masa kai, kasuwa ko taro yana sa shi jiri. Da yawa an ce musu raki ne. In ka matso da bakin alƙalami zuwa hancinsa sai ka ga ido ɗaya ya saki tun da nisa, alhali mai lafiya yakan riƙe har ƙasa da santimita 10. Ana taimakonsu da atisayen haɗa ido, da gilashi mai karkatar da haske, da mai ɗan launi, da ƙaramar lambar karatu ko da saurayi ne. Waɗanda suka rasa gani sosai kuma akwai madubin ƙara girma, da waya mai karanto rubutu, da horon sanda. Wannan fanni ma yaƙi ne ya raine shi: a 1915 aka buɗe gidan St Dunstan's a Landan don koya wa sojojin da suka makance sana'a da zaman kai. Ina gaya wa duk wanda bam ya taɓa tashi kusa da shi ya riƙa zuwa awo duk shekara, saboda hawan jinin ido da yana da ɓallewar tantanin bayan ido suna iya biyowa bayan shekaru, ɗan ƙarfen da aka manta a ciki kuma yana yin tsatsa ya ci gani a hankali.

Yanzu rabin lokacina yana tafiya ne wajen horar da masu ba da agajin farko da sababbin sojoji. Nakan sa a zazzage jakar kowa a gabana. In babu garkuwar ido a ciki, ko an sa ta a ƙasan kaya ta lanƙwashe, mu gyara a nan. Audugar nan mai siffar ido da ke zuwa cikin wasu jakunkuna nakan sa a fitar da ita gaba ɗaya, don hannu ba ya ɗaukar abin da babu. Sannan kowa ya ɗora wa abokinsa garkuwa, da rana, sannan cikin duhu, sannan da safar hannu. Inda suka fi faɗuwa wuri uku ne: su cusa auduga a ƙarƙashi don tausayi, su ɗora gefen garkuwar a kan fatar ido maimakon ƙashi, ko filasta ta ƙi kamawa saboda gumi da jini. Na ukun maganinsa a goge goshi da kunci su bushe tukuna, a ja filasta uku a karkace, a rubuta a kai wane ido ne, me yake iya gani, da ƙarfe nawa aka ba shi ƙwaya.